Ganyen Ayaban da Na Ninke a Baibai

Tun da na dawo daga Manchester ba a bar ni na huta ba. A Islamiyyarmu ta unguwar Sparkbrook tambaya, a cikin bas tambaya, 'yan gidanmu na Kano kuma kullum sai sun kira: "Bilkisu, wai da gaske bikin Indiyawa kika je? An yi rawa a kan dutse? Kin ga giwa?" Duk wanda na ba labarin sai na ƙara masa gishiri, har na kai ga rantse wa ƙanwata cewa giwa ce ta ɗauko mu daga tasha. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Babu giwa. Dariyar ma ba ta kai yadda kuke zato ba.

Sai na fara gaya muku wace ce Anju. Da muka zo ƙasar nan ina ƙarama, gidan da muka kama a Erdington, wata unguwa a Birmingham, bango ɗaya ne ya raba shi da nasu. Mutanen Kerala ne, can kudancin Indiya, yarensu Malayalam. Ni ina ce mata idan suna magana kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana mirginawa, ita kuma tana cewa mu ko gaisawa muke kamar za a ba hammata iska. Da haka muka zama ƙawaye. Mamanta, Anti Lata, nas ce. Babanta kuwa, Kawu Rajan, shi ne ke tuƙa ƙaramar motar council, wato hukumar gari, da ke zagawa tana ɗaukar tsofaffi ta kai su wata cibiya inda suke wuni. Mutum ne mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, da gashin baki kamar buroshin goge takalmi. Bai taɓa kiran sunana daidai ba. Biskit yake ce min, kuma ko tuntuɓe na yi sai ya yi dariya har ya riƙe bango.

Bikinsu babba sunansa Onam, ana yin sa wajen ƙarshen bazarar nan. Kawu Rajan ne ya ba ni labarinsa. Wai a da can sun yi wani sarki da suke kira Maveli, wanda a zamaninsa babu ƙarya, babu tauye mudu, babu mai kwana da yunwa. Abubuwan bautarsu suka ji kishi, ɗaya ya zo masa a siffar wada ya roƙi ƙasa taku uku. Sarki na amincewa wadan ya girma, taku biyu ya cinye sama da ƙasa, na ukun sarki ya miƙa masa kansa, aka danna shi ƙarƙashin ƙasa. Alfarma ɗaya ya nema, a bar shi ya dawo sau ɗaya a shekara ya duba ko mutanensa suna cikin daɗi. Shi ya sa ranar kowa ke cin ado, a yi girki, a yi murmushi, don sarki ya koma da kwanciyar rai. Wato kamar yadda Mama ke yi idan Hajiya Kaka ta kira ta bidiyo daga Kano: a ture kwandon wanki daga bayan waya, kowa ya washe baki. Kowace shekara kuma Kawu Rajan ne ke shigar sarkin, da kambi da laima, don babu mai tumbin da zai yi takara da shi.

Sai council ta shiga yanke-yanken kasafin kuɗi. Aka rufe wurin wasan matasan unguwarmu, laburare ya koma buɗewa sai ya ga dama, sannan aka rufe cibiyar tsofaffin, aka karɓe makullin motar. Anti Lata ta sami aiki a wani asibiti a Manchester, suka tattara suka tafi. Shekara guda ban sa su a ido ba.

Ran nan Anju ta kira ni. Da Turanci muke magana, ni ce nake mayar muku da ita Hausa.

"Bilki, Lahadi mai zuwa za a yi Onam. Ki zo."

"Akwai wannan kunun naku mai zaƙi? In babu kada ki ɓata min lokaci."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Acha ba ya fitowa daga ɗaki." Acha shi ne baba a yarensu. "Tun hunturu. Ya nemi aiki har ya gaji, sai ya shiga ya rufe. Abinci a bakin ƙofa muke ajiye masa. Likitan unguwa ya sa shi a layin ganin babban likita, layin bai motsa ba. Ke kaɗai kike sa shi dariya. Ki zo ki fito min da shi, ko ya zauna ya ci abincin biki tare da mu."

Ban taɓa jin an ɗauke ni aiki saboda rashin jina ba sai ranar. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Tsakanin Birmingham da Manchester babu iyaka, babu mai duba fasfo. Tawa iyakar a falonmu take, a kan kujera, sanye da tabarau.

"Wane irin biki ne?" in ji Baba.

"Na girbi ne, Baba."

"Girbin me a Manchester? Ruwan sama?"

"Abinci kawai ake ci. Har Musulmin garinsu da Kiristoci suna zuwa."

"Bilkisu, look at me. Babu rusunawa ga komai, babu shafa komai a goshi, salla a kan lokaci. Kuma ba ke kaɗai za ki ba."

Haka aka buga min biza, aka haɗa ni da jami'ar tsaro: Anti Rabi, ƙanwar Mama, wadda ke karatun digiri na uku a jami'a, kuma ba ta yarda da duk wani abincin da ba ta ga shigarsa tukunya ba. Mama ta ba mu robar dambun nama mu kai tsaraba.

Ranar Asabar muka hau doguwar bas a tashar Digbeth. Kujerarmu ta faɗo dab da banɗaki, ƙofarsa kuma ba ta kamawa, duk kwanar da direba ya sha sai ta buɗe ta gaishe mu. A babban titi aka sa mu a layi saboda gyaran hanyar da ban ga ma'aikaci ko ɗaya a kansa ba. Na rantse akwai wata saniya a gona da ta wuce mu sau biyu tana kiwo. Gefenmu wani tsohon Bature ne da jakar leda a cinya, ya ce zai je ganin 'yarsa ne don council ta ce ɗakin da ya yi saura a gidansa ya yi masa yawa, sai dai ya tashi. Ya ba mu alewar minti, Anti Rabi ta karanta bayan takardar kamar za ta rubuta jarrabawa a kai, sannan ta jefa a jaka.

Zaman ya ishe ni, sai shaiɗan ya raɗa min wani abu. Na matsa kusa da kunnenta.

"Anti, dambun nan na mene ne?"

"Na sa mana."

"Inna lillahi! Gidan Hindu za mu da naman sa? Anti, suna da hanci. Tun daga bene za su ji."

Ta zaro ido. "To ya za mu yi, 'yar nan?"

"Sai dai mu cinye."

Wallahi da ta biye min da na ci banza. Sai ta naɗe robar a cikin sallaya, ta tura ƙasan jaka, ta ɗora littattafai a kai, ta yi ta karanto addu'a har muka shiga gari.

Manchester ta tarbe mu da ruwa, irin siririn nan da ba ya sauka, sai dai ya tsaya a iska yana jiran ka shigo cikinsa. Mutanensu kuma idan suna magana sai ka ɗauka suna tauna burodi, direban bas ɗin unguwa ya kira Anti Rabi "love", ta ce min, "Ki gaya masa ni matar aure ce." Anju ta same mu a tasha. Ta yi tsawo ta rame. Na rungume ta na ce ta zama sandar rake, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

Flat ɗinsu yana unguwar Wythenshawe, a saman bene, lif ɗin ya mutu tun kafin su tare. A bakin ƙofarsu akwai wani zagayayyen zane a ƙasa, ja da rawaya da kore, gwanin kyau. Anti Rabi da takalminta ya jiƙe ta ce, "Kai, Allah ya yi musu albarka," ta hau kai ta goge ƙafafunta sosai, gaba da baya. Anju ta dafe baki. Ashe shi ne shimfiɗar furannin da ake yi wa sarki a ƙofar gida don ya san ana maraba da shi. A garinsu yara ne ke tsinko furannin a daji. A nan fure ya fi nama tsada, don haka Anju ta yi nata da garin kwakwa da ta rina, ta wuni a durƙushe tana jerawa. Anti Rabi ta shiga gidan mutane da takalmi mai launin tutar ƙasashe biyar tana ba da haƙuri da yare biyu.

Anti Lata ta dawo daga aiki idanunta sun faɗa. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Mole, kin girma." Mole shi ne 'yata. Sai Anti Rabi ta kasa riƙe sirri, ta zaro sallaya ta warware, ta yi ikirarin laifinta tana rawar murya. Anti Lata ta buɗe robar ta shaƙa, ta ɗebi dambun ta watsa a baki. "Wa ya gaya miki ba ma ci? Mu 'yan Kerala ne. Gobe ne kawai babu nama." Kallon da Anti Rabi ta yi min har yanzu ina jin zafinsa a ƙeya.

Masaukinmu ɗakin Anju ne, katifa a ƙasa. Hita a kashe, ba a kunnawa sai sanyi ya kai intaha, a bango kuma danshi ya zana wani baƙin abu mai kama da taswirar Afirka, har na nuna wa Anju inda Kano take. Ƙofar da ke kallon tamu ita ce ta Kawu Rajan. A rufe, da faranti a ƙasa an kife wani a kai.

Kafin magariba na ɗaura ɗamara na tsaya a bakinta.

"Kawu! Biskit ce! Na zo daga Birmingham a kan saniya!"

Na gyara tsayuwa na ci gaba.

Na ba shi labarin banɗakin bas. Na kwaikwayi direba da Anti Rabi. Na kwaikwayi malamar lissafinmu lokacin da kujera ta karye da ita. Na yi waƙar Malayalam da ya koya min ina yarinya, da gangan na karkace ta yadda da can yake toshe kunne yana ihu. Na ji gado ya yi ƙara sau ɗaya, shi ke nan. Anju na tsaye a bayana ta harɗe hannu, kamar mai jiran sakamakon gwajin asibiti. Ban taɓa sanin barkwanci yana da nauyi ba sai da na ga nawa yana faɗuwa a bakin ƙofar nan ɗaya bayan ɗaya babu mai ɗauka.

"Gobe," na ce mata. "Yau ɗumama murya na yi."

Da safe gidan ya cika da ƙamshin man kwakwa. Anti Lata da Anju suka sa fararen kaya masu bakin zinare, suka ba ni aron gyale irinsa na yafa a kan abayata. Na sake komawa bakin ƙofar, amma kafin na buɗe baki Anti Rabi ta janye ni gefe.

"Ke, matsa. Mun kwana a gidan mutum ba mu gaishe shi ba, wannan wace irin tarbiyya ce?"

"Anti, ba ya amsawa."

"Wa ya ce sai ya amsa? Ki tsaya ki yi min tafinta. Gaisuwar Turanci ba ta da tsawo, kafin ka durƙusa ta ƙare."

Ta durƙusa a kan kafet, gaban rufaffiyar ƙofa, kamar a gaban surukinta.

"Maigida, ina kwana?"

Na fassara.

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya sanyi? Ya baƙunta?"

Ina ta fassarawa, Anju tana kallonmu kamar mun zautu. Sai Anti Rabi ta sassauta murya ta ce, "Ya haƙuri?"

"Anti, wannan ai ta gidan rasuwa ce."

"Wanda aka raba da aikinsa ba rashi ya yi ba? Fassara, kin ji."

Na ce, "Uncle, she says, how is the patience?"

Sai muka ji murya dab da ƙofar, a dishe, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

"Biskit. A yarenku me ake amsawa?"

"Ana cewa, da godiya."

"Ko babu ita?"

Na juya wa Anti Rabi tambayar. Wannan karon da Turanci ta amsa da kanta. "Musamman idan babu ita."

Makulli ya juya. Mutumin da ya fito ban gane shi ba sai ta gashin baki, shi ma ya yi fari ya kwanta. Tumbin nan babu shi, rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya ce wata da watanni kowa cewa yake kada ya damu, wani abu zai zo. Babu wanda ya taɓa yi masa gaisuwar rashi. Anju ta ruga ta ɗauko masa farin zanensu na maza da ta goge tun jiya. Ta matse min hannu har sai da na ji ƙashi. Ni kuwa na karɓi yabon duka, ko kunya babu.

Zauren da aka yi bikin na unguwa ne, an ce shi ma council ta sa shi a kasuwa, bana ne na ƙarshe. Akwai bokitai a tsakar fili suna tarar yoyo, yara suna zagaye su a guje. An kunna wata doguwar fitilar tagulla, mata suka kewaye ta suna rawa a hankali suna tafawa, babu juyi babu girgiza. Da a bikin Kano ne da tuni an ce makaɗin ya tashi ya ba wani wuri. Ni dai na tsaya nesa da fitilar saboda sharaɗin Baba. Da azahar ta yi wata mata mai hijabi, ita ma 'yar Kerala, ta kai mu ɗakin ajiye kujeru muka yi salla tsakanin tsintsiya da tulin tebura.

Sannan sarki ya shigo. Wani siririn saurayi ne aka tura wa matashin kai a riga, kambinsa na kwali, gashin bakinsa yana ɓallewa ta gefe ɗaya. Yana tafe yana ɗaga hannu yana tambayar mutane da yarensu, Anju tana fassara min: "Kuna cikin daɗi? Kowa lafiya?" Kowa ya amsa da ihu, har da matar da na ji ɗazu tana cewa an rage wa mijinta ranakun aiki. Da ya iso kanmu ya ga wanda ke zaune sai ya daburce, don duk zauren an san rawanin na wane ne. Ya yi tambayar a hankali. Kawu Rajan ya dube shi kawai. Matashin kan ya zame ya leƙo ta ƙasan riga, saurayin ya tallafe cikinsa kamar mai naƙuda ya yi gaba.

Abincin a kan ganyen ayaba ake ci, an jera dogayen tebura ana kallon juna. Bana ganyen gaske bai isa ba, aka ba manya da baƙi, sauran aka ba su na takarda mai launin kore. Ni baƙuwa ce, na sami na gaske, aka zaunar da ni kusa da Kawu Rajan, Anju a ɗaya gefensa. Masu rabo suka taso a layi da bokitai. Wannan ya ɗiga, wancan ya ɗiga, kowane abu da mazauninsa a kan ganyen: soyayyar ayaba, wani tsami mai citta da ya buɗe min kunnuwan da ban san ina da su ba, kayan lambu da kwakwa, kabewa, shinkafa jajaye masu ƙiba, miya a kan miya. Na yi irin ta gida, na ce na ƙoshi don a lallashe ni. Ashe su ko ka ce ka ƙoshi ko ba ka ce ba zubawa za su yi. Anti Rabi ta leƙa hagu da dama ta zaro ƙullin yajinta daga jaka, mai rabon miya ya gani, ya nemi ɗanɗano, ya tafi yana tari yana sa mata albarka.

Na yi ta cika baki cewa cin abinci da hannu a gidanmu aka ƙirƙiro shi, sai ga kunun zaƙin nan, payasam, an kwarara min shi a kan shimfiɗaɗɗen ganye. Ku gwada kama kunu da hannu a kan tebur. Na bi shi gabas ya yi yamma, na tare shi da gwiwar hannu ya gangara cinyata. Duk wannan ina satar kallon Kawu Rajan. Yana ci, loma ƙanana, amma bai yi dariya ba. Anju kuwa ko abincinta ba ta gani, shi take kallo, fuskarta kamar an kunna fitila.

Da aka gama sai na ga mutanen da ke zaune suna fuskantata suna ninke ganyensu biyu. Na lura da kyau: ganyayensu duk nesa da ni suke tafiya. A gidanmu ma idan ka ƙoshi gaba kake tura kwano ka ce alhamdu lillahi. Don haka na kama gefen da ke kusa da ni na kifa shi can gaba, na danne da tafin hannu, har da gyatsa ƙarama don a san na yaba. Ban yi tunanin cewa wanda ke kallonka gabansa bayanka ne ba.

Wata tsohuwa da ke gabana ta dafe ƙirji ta ce, "Ayyo!"

"Bilki!" Anju ta leƙo ta bayan babanta tana raɗa. "Wajenki ake ninkowa! Wajenki yana nufin kin ji daɗi, a sake haɗuwa. Wancan na zaman makoki ne. Yana nufin kada Allah ya maimaita irin wannan zama."

Wani dattijo ya ce ai a yankinsu ba haka ba ne, tsohuwar ta ce yankinsu ba su san komai ba, ni kuma na kai hannu da sauri zan buɗe ganyen. Sai Kawu Rajan ya ɗora hannunsa a kai.

"Bar shi, Biskit."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta gaske, irin ta Erdington, har da riƙe bakin tebur, har hawaye ya gangaro cikin gashin bakin. Anju ta dube ni kamar ta ɗauke ni ta goya. Na ce a raina, shi ke nan, aiki ya kammala, a kawo lambar yabo.

Da ya tsagaita ya share ido, sai ya kama nasa ganyen a nutse, ya ninke shi can gaba, daidai yadda na yi nawa, ya danne.

"Acha?" in ji Anju.

Da Turanci ya yi maganar, ina jin don ni ma na ji. Ya ce duk zauren nan an yi wa sarki ƙarya yau, yarinyar nan ce kaɗai ta faɗi gaskiya, ita ma bisa kuskure. Ya ce ya gama zama a ƙasar nan. Gidan mahaifinsa yana nan a Kerala da bishiyoyin kwakwa babu mai kula da su, can zai koma kafin sanyi ya shigo. Anti Lata tana da aikinta, Anju tana da jarrabawa a gaba, su za su zauna. Ya ce ya daɗe da yanke shawarar, bakin faɗa ne ya rasa.

Anti Lata ba ta ɗago ba. Ta ninke nata ganyen wajenta a hankali, ta yi ta gyara gefensa da yatsa ko da yake ya riga ya daidaita, sai na gane ita ta sani. Anju ce ba ta sani ba. Ta tashi ta fita, ta bar nata a buɗe da kunun a kai. A can gefe maza sun fara wasan jan igiya ana ihu, mai gadin zauren kuma yana ta nuna agogo yana kaɗa makullai.

Anju kaɗai ta raka mu tasha da yamma. Da muka zo hawa na tsaya ina lalube a kaina ko zan samo wani abin dariya, na rasa ko ɗaya.

"Anju, wallahi ban sani ba."

"Na sani." Ta ja hanci, ta gyara min gyalen da na manta ban mayar mata ba. "Cewa na yi ki fito min da shi daga ɗaki, Bilki. Ban ce ki fito da shi daga ƙasar ba."

Ta so ta yi dariya a kan maganar, ni ma na so, ba ta fito mana ba. Direba ya ce mu hau ko mu kwana.

Kawu Rajan ya tafi kafin a mayar da agogo baya saboda hunturu. Anju ta ce yana kira duk Lahadi, ya fara mayar da tumbinsa, har yana tambayar ko Biskit ta koyi cin kunu. Da na tambaye ta yaya gidan yake yanzu, sai ta ce mamanta ta buɗe ɗakin ta share, ta bar ƙofar a wangale don ya sha iska. Ita kuma duk sanda ta dawo daga makaranta ta tarar babu kowa, sai ta ja ƙofar ta rufe, don a haka ne kawai gidan ke kama da yana ciki.